Irin tumatur na Platinum: damina uku ina shuka shi a Kura

Na fi shekara ashirin ina noman tumatur a Kura, kuma kamar yawancin mutanen yankin nan, da rani na saba yinsa, da ruwan da ke zuwa mana daga madatsar Tiga. Da damina kuwa, a da ko kusa da shi ba na zuwa. Sau biyu na gwada da irin da nake ajiyewa, yabanya ta tashi gwanin sha'awa, da ta fara fure sai ka wayi gari ka ga layi guda ya yi yaushi kamar an zuba masa ruwan zafi. Ɗan abin da ya tsira kuma ruwan sama ya farfasa shi.

Wani ƙanena ne ya matsa mini na gwada Platinum F1 na kamfanin East-West Seed. Wani ɗan ƙasar Holan, Simon Groot, shi ya kafa kamfanin a Filifin a 1982, ka ga ke nan don ƙasashe masu zafi da ruwa irin namu ake tace irin. Ranar da mai shago ya miƙo mini fakitin ya faɗi kuɗinsa, sai da na ce masa, "Alhaji, tumatur ne ko zinariya?" Ya ce in je in ƙirga ƙwayoyin, kada in watsa su kamar gero.

Shawarar da ta fi amfanata ke nan. A faranti na yi renonsa, ƙwaya ɗaya a rami ɗaya, kuma kusan duka suka tsiro. Bayan sati uku da 'yan kwanaki na dasa a kan kunya mai tudu, na kafa sanduna na ɗaure. Aiki ne ja, ba zan ɓoye ba, kuma yana cin taki. Amma yaushin nan da ya kore ni daga noman damina, tsiraru kawai ya taɓa. 'Ya'yan ba su cika girma ba, sai dai suna da tauri, fatarsu ba ta saurin fashewa. Dillalai a Kwanar Gafan sukan matsa tumatur da yatsa kafin su yi tayi, don sun san tafiyar da ke gabansa zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Nawa ba ya lotsewa. Tsutsar sharon, wadda ta cinye mana gonaki a 2016, ita kam ba ta san wani iri ba, sai ka tashi tsaye da sa ido da feshi.

Abu biyu nake gaya wa duk mai son saye. Irin aure ne, idan ka matse 'ya'yansa ka ajiye don baɗi, abin da zai fito maka daban. Sannan ka saya a shagon da ka sani, fakiti a rufe, ka duba kwanan watansa. Wani maƙwabcina ya sayi na mai talla a bakin hanya saboda araha, rabinsa bai tsiro ba.

Ina jin masu cewa a toshe ƙofar irin waje, a bar mu da namu. Na fahimci tsoronsu, don manomin da ba ya ajiye iri kullum hannunsa na cikin aljihu. Amma wane ne namu? Roma da UC82B da iyayenmu suka shuka har muka ɗauke su 'yan gida, dukansu a Amurka aka tace su. Shi ya sa da kamfanonin iri da ƙungiyarsu ta SEEDAN suka yi ta kai gwauro suna kai mari a Abuja kan dokar kare haƙƙin masu tace iri, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2021, ban ga laifinsu ba. Hujjarsu ita ce, mai tace iri a waje ba zai turo mafi kyawun kayansa inda kowa zai kwafa ya sayar ba. Na san ribarsu suke karewa, amma a wannan gaɓar ribarsu da tawa hanya ɗaya suka bi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne farashi. Tun da Naira ta faɗi a 2023, duk abin da ya ƙetaro teku ya yi tsalle, iri ma bai tsira ba. Ina son irin ƙarfin da 'yan kasuwar nan suka sa wajen neman doka su sa shi wajen ganin ana hayayyafa irin a nan, ko a Kadawa ko a Zariya, tare da malaman cibiyar binciken noma ta Samaru.

Bana dai na riga na sayi fakiti huɗu, na ƙara rabin kadada a gonar da ke bayan gari.