Takalmin Gaynor Minden a tsakiyar ɗakin rawa: sharhi

Ba a sanin gaskiyar takalmin tsayuwa kan yatsu sai mai rawar bale (ballet, rawar Turawa ta kan yatsu) ta saki sandar dafawa ta fito tsakiyar ɗaki. A jikin sanda hannu yana ɗauke mata wani kaso na nauyinta. A tsakiya kuwa, daga ita sai ɗan dandamalin bakin takalmi, wanda faɗinsa bai wuce 'yan santimita ba. A nan ya kamata a auna Gaynor Minden, takalmin da Eliza Minden ta fito da shi a 1993 a Amurka.

Takalmin gargajiya, irin na kamfanonin Freed ko Grishko, da yadi da takarda da gam ake gina akwatin yatsunsa. Gumi na jiƙa shi, ya yi laushi, ya mutu bayan awa 10 zuwa 20 na rawa. Shi Gaynor Minden, akwatinsa da ƙashin tafinsa, wato abin da ke tallafe tafin ƙafa, duka na wata roba ce mai lanƙwasuwa ta koma yadda take. Dandamalin ba ya lotsewa gefe guda, don haka inda ƙafa ta sami daidaito yau, nan za ta same shi wata mai zuwa. Wajen juyi da taka yatsu kai tsaye kan ƙafa ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga shi kuma ba ya ƙwanƙwasa daɓe wajen dira.

Sai dai inda amfaninsa yake, nan matsalarsa take. Ƙashin da kansa yake cilla ƙafa sama. Ɗalibar da tafin ƙafarta bai yi ƙwari ba za ta hau cak, a zaci ta iya, alhali takalmin ne ya yi aikin. Wajen saukowa asiri ke tonuwa. Kamata ya yi ta gangaro a hankali, daga kan yatsu zuwa rabi, wato kan gindin yatsu, sannan diddige ya taɓa ƙasa. Maimakon haka sai ta faɗo tim, gwiwa da idon sawu su sha girgiza. Wani lokaci ma za ka ga yatsun sun dunƙule a ciki, nauyi ya zube kan babban yatsa, ko idon sawu ya karkace wajen ƙaramin yatsa, kuma ta nan targaɗe ke shigowa.

Maganin yana wajen zaɓe. Taurin ƙashin mataki biyar ne, kowanne da launin jakarsa: kore ya fi tauri, ruwan ɗorawa na biye, sai ruwan hoda, shuɗi da shunayya. Mai fara aikin tsakiya, ruwan hoda ko abin da ya fi shi laushi zai fi tilasta mata aiki da ƙafarta, sai fa in tafinta mai lanƙwasa sosai ne. A kuma tuna ba ya buɗewa da sawa. Yadda ya zauna ranar awo, haka zai zauna, shi ya sa sai an gwada a gaban mai awo da ta san aikinta. Ana iya gyara lanƙwasar ƙashin da na'urar busar da gashi, a riƙe shi har ya huce.

Da shi a ƙafa, a fara da hawa kan ƙafa biyu sau 8, a ƙirga 4 wajen saukowa kowane karo. Daga nan sai buɗe ƙafa da rufewa a kan yatsu, sannan hawa daga ƙafa biyu zuwa ɗaya. Juyi ya zo ƙarshe. Wadda ba ta iya hawa rabi sau 16 a ƙafa ɗaya da takalmi mai laushi ba tare da tangal-tangal ba, lokacin fitowarta tsakiya bai yi ba tukuna.

Ya fi na gargajiya tsada, amma yana daɗewa ninki-ninki. Abin lura ɗaya: yadin baki kan yage tun ƙashin yana da sauran ƙarfi, sai a riƙa duba shi kafin kowane darasi.