Sharhi: darasin Sifaniyanci na matafiya da na yi ta intanet

Kafin tafiyata Andalus, a kudancin Sifaniya, na ɗauki wata malama 'yar Madrid da ke koyarwa ta bidiyo, mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Na gaya mata ni ba nahawu nake nema ba. Ni ɗan kasuwa ne, ba kasafai nake kama ɗaki ko tikiti tun da wuri ba, don haka abin da nake so shi ne in iya tambaya: akwai wuri yau?

Tambayoyin ba su ci mana lokaci ba. A otal: ¿Tiene una habitación libre para esta noche?, wato akwai ɗaki na daren yau? A wurin sayar da tikiti: ¿Quedan entradas para hoy?, wato akwai sauran tikitin yau? A gidan abinci: ¿Tiene mesa para dos?, wato akwai teburin mutum biyu? Kowa zai iya haddace waɗannan cikin yini guda.

Inda ta ci kuɗinta shi ne amsoshi. Sai ta kashe kyamara ta zama ma'aikaciyar otal, ta amsa mini da sauri kamar yadda ake yi a waya, ni kuma in faɗi abin da na ji. Estamos completos, mun cika. Están agotadas, sun ƙare. Solo quedan para la tarde, saura na yamma kawai. Ta matsa mini sosai a kan lambobi da agogo, domin a can tikiti na ɗauke da 16:30 ne, amma mai sayarwa zai ce maka huɗu da rabi. Wannan horon ya yi mini rana a tashar jirgin ƙasa ta Kurɗuba, inda matar da ke bayan gilashi ta jero mini lokuta uku a numfashi ɗaya, kuma na kama su.

Ta kuma faɗa mini gaskiya cewa akwai inda iya tambaya ba ya fisshe ka. Fadar Alhambra da ke Garnada, wadda ta fita daga hannun Musulmi a 1492, tikitinta kan ƙare tun kwanaki kafin ranar, ana rubuta sunan mai shi, kuma shiga fadojin Banu Nasr, sarakunan Musulmi na ƙarshe a garin, da ƙayyadadden lokaci ne. Wannan kam na saya tun ina gida, na tafi da fasfo a aljihu.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba. Harshen Madrid ta horar da kunnena a kai, alhali mutanen kudu suna haɗiye harafin s na ƙarshen kalma, maganarsu kuma tana gudu. Ta san inda za ni, ya kamata a ce ta sa ni sauraren muryoyin Andalus. Abin da ya cece ni shi ne jimla biyu da ta koya mini a darasin ƙarshe: Más despacio, por favor, a ɗan sassauta, da ¿Me lo escribe?, a rubuta mini.

Wanda zai ɗauki irin wannan darasi, ya faɗa wa malamin garin da za shi tun ranar farko, ya nemi a ba amsoshi mafi yawan lokaci.