Hattara da gwanjon kayan gida a WhatsApp, dubu 185 aka cinye min

Assalamu alaikum. Kwana huɗu ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ce bari in faɗa, mai dariya ya yi. Naira dubu 185 aka cinye min. Dubu 185, kuɗin adashin da na yi wata goma ina zubi.

Kafin wani ya zo min da "kwaɗayi mabuɗin wahala", ya sani ni ba baƙuwar gwanjo ba ce. Tun ina budurwa nake shiga kasuwar Ƙofar Wambai a Kano. Ana yanka dila a gabana, kafin a baje na gane lamba ɗaya ce ko cushe aka yi a tsakiya. Keken Butterfly da nake ɗinki da shi a hannun dillaliya na saya, kayan wata da aurenta ya mutu, rabin kuɗi, yau shekara shida bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Har fam biyar ta Ingila na taɓa tsinta a aljihun wata rigar sanyi. Na san araha, na kuma san arahar da ke da lauje cikin naɗi. Wannan ba ta yi kama da ita ba, wallahi ba ta yi ba.

A Facebook na ga tallar, na danna, ta kai ni wani guruf na WhatsApp mai mutum sama da ɗari biyu. Wai wata ce mijinta ya samu canjin aiki zuwa Abuja, za a yi gwanjon kayan gida gaba ɗaya. Kujeru, kafet, injin wanki, gas mai kai huɗu, firiza. Firizar na gani raina ya biya, don na daɗe ina son fara sayar da zoɓo da ƙanƙara kafin azumi. An sa bidiyo, an ɗaga murfin, ga ƙanƙara ta kama jikinta fari fat. Aka fara tayi daga dubu 90. Wata ta ce 100, wata 115, na ce 120, nan take wata ta ce 135. Na ce 140, sai kowa ya yi shiru, aka rubuto min "an sallama miki Hajiya". Har murna na yi, ni a dole na kayar da mata. Ashe duk masu tayin nan mutum ɗaya ne da layuka daban-daban.

Abin da ke hana ni barci shi ne muryar matar. Ranar Litinin ta turo min saƙon murya, a'a Talata ce, don ranar ne na dawo daga awo da ƙanwata. Murya a natse, ga jariri yana kuka a bayanta. Ta ce, "'Yar uwa, kar ki turo duka, ki sa rabi kawai, in kin ga kaya kya cika. Ni ma ina tsoron haƙƙi." Ita da bakinta ta ce kar in turo duka. Ni kuma sai na ji nauyi, na ce wannan baiwar Allah ai ba a yi mata haka, na tura 140 cif. Wane ɓarawo ne zai ce kar ki ba shi? Na sake sauraron saƙon nan ya fi sau talatin. Kukan jaririn ma yanzu ban san ko na gaske ba ne.

Sunan da ya fito a asusun na namiji ne, na kuma tambaya, kar ku ce ban tambaya ba. Ta ce na maigidanta ne. Washegari wai mai kurkura ya ce sai dubu 25 daga Rijiyar Zaki zuwa unguwarmu, ga lambar asusunsa, wani sunan daban. Kafin nan ma, ko bayan nan, na rikice, an karɓi dubu 20 wai na 'yan dako da mai gyara da zai duba gas ɗin firizar kafin a ɗora. 140 da 25 da 20. Ku lissafa, 185 ke nan.

Da la'asar ta yi ba kaya, na kira, a kashe. Na duba guruf, an cire ni. Na hau adaidaita har kwatancen da ta ba ni, wai gida mai baƙin get bayan masallaci. Kango na tarar, awaki a ciki. Wani mai shago a layin ya dube ni ya ce, "Hajiya, ke ma firizar ce? Ke ce ta uku a satin nan." Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Banki na je, suka ce in rubuta ƙorafi, in kawo rahoton 'yan sanda da takardar kotu, kuma kuɗin tun a ranar aka kwashe. Maigida bai ce min komai ba sai "Allah ya mayar da alheri", kuma da ma faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi.

Ina da hoton hirarmu gaba ɗaya, da rasit uku na turawa, da saƙon muryarta. Zan sa su da daddare in an kawo wuta, wayata ta kusa mutuwa.

Kar ku tura ko sisi sai kun taɓa kaya da hannunku. Sunan asusu ya bambanta da na mai kaya, ku gudu.

Ɗazu ƙanwata ta turo min wata tallar a Facebook. Bidiyon firizata ne, har da ɗan tsatsan da ke gefen murfin, wai yanzu kuma Kaduna za su koma. Ke mai cewa kina tsoron haƙƙi, dubu 185 ɗina ban yafe ba.