Robar salansar da na saya kwana 9 ta yi, guntun tsohuwar taya ya shiga wata na 5

Duk mai tsohon mashin irin na shiga daji ya san ƙarar nan. Kana tsaye injin na aiki, sai ka ji kwaram-kwaram daga ƙarƙashin kujera kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Nawa Yamaha DT 125 ne, na gaje shi daga wan mahaifina, Allah ya jiƙansa, tsohon malamin gona. Tun 1974 aka fara ƙera wannan samfuri, nawa ba na farko-farko ba ne amma ya kwana biyu a duniya. Da shi nake tashi daga Mabera zuwa gonata ta fadama wajen Kwalkwalawa, kuma yashin da yake ketawa da ni ban ga mashin ɗin kabu-kabun da zai iya ba. Shi ya sa ban rabu da shi ba.

Abin da ya mutu robobin da ke riƙe salansa ne. Salansar irin wannan mashin ba ƙarfe da ƙarfe ake ɗaure ta ba. A bakin injin ne kaɗai take kame tam, sauran jikinta yana rataye ne da kunnuwa, kowane kunne da roba, a cikin robar kuma akwai ɗan gajeren bututun ƙarfe wanda dogon noti ke bi ta ciki. Robar ce ke shanye girgiza. Idan ta mutu sai girgizar ta koma kan kunnen, yau da gobe ya tsage, bakin injin ya fara fesar da baƙin mai. Nawa sun bushe ƙayau, ina taɓa ɗaya ta rabe biyu a hannuna.

Na sa ɓallin a aljihu na tafi wajen masu kayan mashin. Ta asali aka ce sai an aika Kano ko Nnewi, a jira. Wani mai shago ya ciro mini leda marar suna, roba 4, dogon noti 2, da washa, ya ce, "Malam, ɗauki wagga, kowane mashin tana shiga." Kuɗin bai kai na litar fetur 2 ba, kuma kun san yadda aljihu yake tun da aka cire tallafin mai a 2023. Na biya.

Da kaina na ɗaura. Tsofaffin notunan sun ci tsatsa, sai da na jiƙa su da kananzir suka kwana kafin suka yarda. Nan na ga abu biyu da ya kamata su sa na dakata. Kan sabon notin lamba 13 ne, alhali na mashin ɗin Japan 12 ne, sai da na aro sifana wajen maƙwabci. Ramin robar kuma ya yi wa tsohon bututun kaɗan, ya ƙi shiga. Sai na ajiye bututun gefe, na zura notin haka nan, na ɗaure iya ƙarfina. Da na tayar da mashin ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya. Wallahi na ji daɗi ranar. Da dare a majalisa har mutum biyu na ba shawara su je su saya.

Kwana 9 ke nan, ranar wata Asabar cikin Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura 40, na ɗauki ɗana mai shekara 11 za mu je ban-ruwa. Mun sauka daga kwalta mun shiga hanyar burji mai gargada, sai na ji ƙarar ta dawo, amma ba irin ta da ba, wannan mai nauyi ce. Na ce a raina bari mu kai gindin bedin can in duba. Ban kai ba. Yaron ya ƙwala ihu ya riƙe min riga, "Baba ƙafata! Baba ƙafata!" Robar baya ta tarwatse, notin ya samu wurin wasa ya kwance ya faɗi, salansar ta sauko ta karkato waje, wurin da babu marfin kariya ya kwanta a kan sha-raɓarsa. Fata ta tashi kamar faɗin yatsu uku.

Ban taɓa jin abin da na ji lokacin ba. Na yar da mashin a yashi, na ɗauke shi zuwa inuwa, na yi ta kwarara masa ruwan shan da muka taho da shi har jarkar ta ƙare. Wani mai wucewa ya ce a shafa baƙin mai, na ce a'a. Ƙuna ruwa mai tsabta take so, a daɗe ana zubawa, ba mai ba, ba man goge baki ba. Yaron ya daina kuka, ya koma kallona yana cije leɓe, wannan kallon ya fi min kukan ciwo. Da na koma wajen mashin na tsinci ɓallin robar a ƙasa, na murza, ta yi laushi tana manne wa yatsa kamar cingam. Kwana 9 fa.

Wani dattijo mai faci a bakin hanya shi ya cece mu. Na turo mashin har rumfarsa, ya ce, "Samari, mi ya hwaru?" Na miƙa masa ɓallin. Ya juya shi, ya sunsuna, ya ce, "Wagga ai robat silifa ta. Ina ɗan bututun nata?" Na ce yana gida, Baba. Bai ce komai ba, ya jawo wata tsohuwar tayar mashin daga cikin tarin da ke bayansa. Gefen tayar ya yanka, ba wurin da ke taka ƙasa ba, ya fitar da falle biyu masu faɗin murfin kwalbar lemo ko su ɗan ɗara. Ya nuna min zaren da ke cikin naman robar, ya ce shi ke hana ta yagewa. Ya ɗora kowanne a kan kututture, ya kafa wani guntun bututu da ya wasa bakinsa, guduma ɗaya rami ya fita tas. Falle ɗaya a gaban kunnen, ɗaya a baya, washa mai faɗi kowane gefe, ya samo noti a gwangwaninsa, ya ƙara na biyu a kai don ya kulle na farko. Kafin ya ɗaure sai da ya sassauta komai har na bakin injin, ya daidaita salansar ta zauna da kanta ba tare da an danna ta ba, sannan ya fara ɗaurewa daga gaba ya dawo baya. Na tambayi kuɗi, ya ce in kai yaro a duba shi tukuna. Da ƙyar ya karɓi na goro.

In za a yi adalci, ba duka laifin na robar ba ne. Bututun da na ajiye shi ke tsayar da noti a inda ya kamata, ya hana a matse roba har ta fashe. Ni kuwa na matse ta. Notunan da ke cikin ledar ma ba su da laifi, zarensu lafiya lau, ɗayan har yau yana jikin mashin. Da na huce, na fara tunanin ko na zalunci kayan, watakila da na ɗaura daidai da sun kai shekara.

Sai na ce bari in gwada. Akwai roba 2 da suka rage a leda, sababbi fil. Na jefa ɗaya a murfin gwangwani da ɗan gaurayen fetur da man injin, irin wanda salansar waɗannan mashina ke ɗigarwa kullum, na bar ta ta kwana. Da safe ta kumbura, farce na shiga cikinta. Wato ko da bututu ko babu, wannan roba ba a yi ta don ta zauna kusa da zafi da mai ba. Raina ya sake ɓaci sabo. Na koma shagon da ita da hoton ƙafar yaron a waya. Ba kuɗina na je nema ba, nawa ne kuɗin? So nake ya daina ce wa mutane tana shiga kowane mashin. Ya kalli hoton, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ƙara da cewa shi ma saro ta ya yi kuma kayan da aka buɗe ba a mayarwa. Ledojin na nan rataye a inda na gan su ranar farko. Kuma wa ke sayar da robar salansa babu bututunta, ba tare da ya ce maka ka nemo ba?

Da na dawo gida na kwance aikin Baba mai faci, na faɗaɗa ramin kaɗan na mayar da bututun asali, na yi wa kunnen tsakiya irin wannan gyaran. A nan na ga kunnen bayan ya fara tsagewa sanadin faɗuwar nan. Na cire salansar gaba ɗaya na kai wa mai walda, don ban yarda a kunna wuta kusa da tankin mai ba. Ita ma tayar ba ta har abada ba ce, mai na cin ta a hankali, shi ya sa duk Juma'a in na wanke mashin nake kama salansar da sanyinta in girgiza, kuma akwai falle 4 da na yanke na ajiye a cikin kayan sifana. Yanzu wata na 5 ke nan, damina ta same su, ban canza ko ɗaya ba.

Mutum biyun da na ba shawara na bi su har gida a daren ranar da yaron ya ƙone. Ɗaya bai riga ya saya ba. Ɗayan ya ɗaura, muka kwance tare da fitilar waya, tasa ma ta fara tsagewa ta gefe. Ƙafar yaron ta warke, saura tabo, amma har yau in zai hau bayana sai ya leƙa salansar tukuna.