Wasan harba igwa a waya: wanne ya dace da mu a ƙauye?

Duk wanda ya iya dara zai gane waɗannan wasannin nan take, domin bi da bi ake yi, kuma lissafi ke ci, ba saurin yatsa ba. Ka saita bakin igwarka, ka auna ƙarfin harbi, ka saki, sannan ka miƙa wa abokin karawarka wayar. Inda harsashi ya faɗi ƙasa takan ɓurme, tudun da ka fake a bayansa ya koma rami.

A ƙauyukanmu na wajen Ringim da Taura, inda caji sai an biya mai janareto, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa, Pocket Tanks nake fara ba mutum shawara. Kamfanin BlitWise ya fitar da shi a 2001. Tankokin yaƙi biyu ne kawai. Kafin a fara, kowa ya zaɓi makamai 10, kuma wanda ya fi maki bayan sun ƙare shi ya ci. Daɗinsa a wurin zaɓen yake: ka ɗauke makamin da ka san abokinka na so, ko ka tanadi na binne shi da ƙasa sai ƙarshe. Ba ya cin wuri, ba ya neman data, ƙaramar Tecno ko Itel ma tana ɗaukarsa. Na kyauta ya isa farawa. Ƙarin makamai ne ake saya. Zanensa dai na da ne, yara masu son kyalkyali za su raina shi.

Worms ya fi shi armashi nesa ba kusa ba. Kamfanin Team17 na Ingila ya fara fitar da shi a 1995. Rundunar tsutsotsi kake ja, agogo na ƙirga maka lokaci, iska na karkatar da bazuka, wanda ya faɗa ruwa kuma ya tafi ke nan. Masoyansa har yau Worms Armageddon na 1999 suke ɗauka gagarabadau, Worms W.M.D na 2016 ma ya samu yabo saboda tankoki da jirage masu saukar ungulu da ya ƙara. Amma na kuɗi ne, kuma ya fi daɗi a kwamfuta ko PlayStation. Mai shagon gem ne ya kamata ya saye shi, don mutum huɗu na iya zama kansa.

Mai laftof da ba ya son kashe ko sisi ya nemi Hedgewars. Tsarin Worms ne, da bushiya a madadin tsutsa, kuma kyauta ne.

ShellShock Live kam, ƙarfinsa karawa da mutane ta intanet ne. In sabis ɗin garinku sai an hau tudu ake samu, kada ka sa kuɗinka a kai. Tsakiyar wasa zai yanke, wasan ya tafi a banza.