Jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi: wanne ne ke jure iska?

Idan za ka sayi ƙaramin jirgi maras matuƙi, kar kyamara ta ɗauke maka hankali. Fara tambayar ƙarfin iskar da yake jurewa, domin iskar gaban hadari ba ta sallama. Na ga ta fizge min jirgi ana tsakar ɗaukar biki, tun daga ranar, da wannan ma'auni nake farawa.

Ni dai Air 3 na kamfanin DJI nake so. Ya fito a 2023, nauyinsa giram 720, kamfanin ya ce yana jure iska mai gudun mita 12 a daƙiƙa. Nauyin nan shi ne gatansa: iska ta buge shi, ya ɗan karkata, ya dawo ya tsaya cak, hoton bai girgiza ba. Batirinsa minti 46 a takarda, a iska ba zai kai ba, amma zai bar maka rarar da za ka dawo da shi. Ga kyamara biyu, ɗaya mai jawo nesa, sai ka ɗauki taro ba ka kusance shi ba.

Mini 4 Pro, shi ma na DJI, bai kai giram 249 ba, iyakar iskar da yake jurewa mita 10.7 a daƙiƙa, ya yi wa mai yawan tafiya. DJI Neo kuwa mita 8 ne, na tsakar gida ne.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. A 2022 masu bincike a jami'ar Caltech ta Amurka sun fito da Neural-Fly, manhajar da ta koyi halin iska daga bayanan tashi na minti 12, har jirgi ya riƙe hanyarsa cikin iska mai kusan mita 12 a daƙiƙa. Aikin gaske ne, amma na ɗakin bincike. Don haka in ka ga kwali mai araha an rangaɗa masa “AI” da “4K”, mai kaya yana rantsuwa jirgin yana koyon iska da kansa, riƙe kuɗinka. Yawancinsu ko GPS, na'urar da ke sanar da jirgi inda yake, babu, kayan wasan yara ne, iska kaɗan ta wuce da su bayan katanga.

Na hannu ma sai da lura. Duba batir ko ya kumbura, shafa farfela ko ta tsage, kuma ka tabbata tsohon mai shi ya cire jirgin daga asusunsa na manhajar kamfanin. A tashe shi a fili a gabanka, da rana, lokacin da iska ke kaɗawa. Wanda ya ce sai ka biya kafin a gwada, ka bar masa kayansa.