Waters ko Alba? Ki ɗauki na Waters

'Yar uwa, littafin Mary Waters da na Richard Alba da kika tambaya a kansu duk ina da su, duk kan ƙabilanci a tsakanin fararen fatan Amurka suke, kuma duk a 1990 suka fito. Ki sayi na Waters, wato Ethnic Options.

Ita zama ta yi ta tattauna da mutum 60, fararen fata 'yan Katolika a unguwannin gefen San Jose da Philadelphia, jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka yi ƙaura daga Turai. Ta haɗa da ƙidayar Amurka ta 1980, inda aka tambayi mutane asalin kakanninsu. Sai ga mutum kakarsa Bajamushiya, kakansa ɗan Ayalan, ya zaɓi wanda ya fi kwanta masa, galibi bisa sunan dangin uba. Ran 17 ga Maris, ranar St. Patrick ta 'yan Ayalan, ya sa koren kaya a yi biki, gari na wayewa ya ajiye. Abin da masanin zamantakewa Herbert Gans ya kira ƙabilanci na alama ke nan tun 1979.

Akwai inda 'yan asalin Italiya da Foland da Ayalan kowa ke rantsuwa cewa son dangi da himmar aiki da ilimi nasu ne su kaɗai. Na karanta wa maigidana wurin da daddare, ya yi ta dariya har shayinsa ya huce. Nawa kwafin ya sha jan biro, bangon ma da salatif na liƙe shi. Amma babin ƙarshe ne naman: baƙar fata ba shi da wannan zaɓin, kuma da yake Bature bai taɓa biyan komai a kan ƙabilarsa ba, sai ya zaci kowa haka yake.

Na Alba, Ethnic Identity, binciken yankin Albany ne a jihar New York, jadawali kan jadawali, don ya nuna auratayya na narkar da ƙabilun fararen fata zuwa "Ba'amurke ɗan asalin Turai". Ba laifi in malaminki mayen alƙaluma ne. Nawa dai ƙura yake sha.

Ki kula da masu tallan littafi a WhatsApp. Za su turo hoton bango mai sheƙi, a kawo miki fotokwafi da shafuka sun yi tsalle. Kafin ki tura ko sisi, a buɗe littafin a bidiyo ki ga babin ƙarshe da idonki. Wanda ya ƙi, ki nemi wani.